SIFILIN DA BA SIFILI BA: Tarihin Iskar da Hasken Orora Ke Tayarwa a Ƙololuwar Sama

  A wannan karon za mu ɗaga kai ne mu dubi sama, amma ba saman da hadari ke haɗuwa ba. Wanda ke can bisansa muke nufi, inda jirgin fasinja ba ya kaiwa.

Mu fara da labarin wata asara. Ranar 3 ga Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49 na Starlink daga jihar Florida ta Amurka. Harbi ya yi kyau. Roka ta sauke kayanta a wani zagaye da ke saukowa har kilomita 210 daga doron ƙasa, da nufin kowane tauraro ya kunna injinsa ya haura da kansa. Cikin 'yan kwanaki 38 daga cikinsu suka rikito, suka ƙone ƙurmus. Ba wanda ya harbo su, kuma ba ƙirar ce ta samu matsala ba. Iska ce ta taso daga ƙasansu ta cim musu. Wata guguwar maganaɗisu, wadda masana suka sa a aji mafi ƙanƙanta, ta zuba zafi a ƙuryoyin duniya, iskar can ta kumbura ta hau. Kamfanin da kansa ya ce turjiyar da taurarin suka fuskanta ta ƙaru da abin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kan yadda aka saba.

To ta yaya iska ke miƙewa tsaye a wurin da aka daɗe ana ɗauka cewa a kwance take? Amsar ta ɗauki mutane kusan shekara 300 suna harhaɗa ta, kuma wannan tafiyar ce za mu bi yau.

WURIN DA MUKE MAGANA A KANSA

Hadari da ruwan sama da ƙurar hunturu duk suna faruwa ne a cikin kilomita 16 na farko daga kanmu. In aka ci gaba da hawa har kimanin kilomita 85 zuwa 90, za a tarar da wuri mafi sanyi a duk iskar duniya, inda ma'aunin zafi kan sauka wajen 90 ƙasa da sifili. Daga nan kuma sai lamarin ya juye: kana hawa zafi na ƙaruwa, har ya kai digiri 1,000 ko fiye. Wannan sashe na sama shi ake kira tamosfiya. Iskarsa ba ta da kauri ko kaɗan. A tsayin kilomita 100, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wadda muke shaƙa ba.

Mu riƙe wannan tsari na sanyi a ƙasa zafi a sama, domin shi ne tushen rigimar. Tukunya tana tafasa ne saboda wutar tana ƙarƙashinta, ruwa mai zafi ya hau, mai sanyi ya sauko. In aka zuba garwashin a kan murfi, ruwan ba zai juya ba, mai zafin zai yi zamansa a sama. Haka tamosfiya take. Shi ya sa masana suka yi tsammanin iskarta za ta iya gudu gabas ko yamma, kudu ko arewa, amma hawa da saukarta ba zai wuce 'yan mitoci kaɗan a sakan ɗaya ba. Hujjar tana da ƙarfi, kuma a yawancin lokuta gaskiya ce. Inda ta gaza shi ne ƙarƙashin hasken orora.

HASKE DA ALLURAR KAMFAS

Orora wani haske ne kore ko ja da ke bayyana da dare kamar labule a sararin ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, irin su Norwe da Suwidin da Finlan da Kanada da Alaska. Turawa na ce masa hasken arewa, amma fa ba Arewarmu ba. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Rumawa ta ketowar alfijir.

A watan Maris na 1716 hasken ya bayyana da ƙarfi a sararin Landan. Edmond Halley, masanin taurarin nan da aka sa wa tauraro mai wutsiya sunansa, ya gan shi, ya kuma kawo shawarar cewa yana da alaƙa da maganaɗisun duniya. Zato ne kawai. A 1741 aka samu shaida a garin Uppsala na Suwidin. Anders Celsius, mai ma'aunin zafin da muke amfani da shi, da surukinsa Olof Hiorter sun daɗe suna gadin allurar kamfas dare da rana suna rubuta motsinta. Hiorter ya lura cewa duk lokacin da hasken ya yi wasa a sama, allurar ma sai ta kama rawa. A farkon Satumban 1859 kuwa abin ya wuce allura. Bayan wata babbar fashewa a fuskar rana da Richard Carrington ya gani a Ingila, hasken ya sauko har Kyuba, wayoyin tangaraho suka rikice, har ma'aikatan layin Boston zuwa Portland suka cire batir suka ci gaba da aika saƙo da wutar da ta shigo wayar da kanta.

Daga nan aka tabbata akwai lantarki a cikin lamarin. Sai dai ba a san tsayin da hasken yake ba, ba a kuma san inda wutar ke bi ba.

MUTUM BIYU DAGA NORWE

Kristian Birkeland, malami a jami'ar Kristianiya, wato Oslo ta yau, shi ne ya ɗauki abin da zafi. A 1897 ya nufi tsaunukan arewacin Norwe da 'yan rakiyarsa, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, har ɗalibinsa Bjørn Helland-Hansen ya rasa kawunan yatsunsa. Bai daddara ba. Ya koma ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 a wani ɗakin bincike da aka gina a kan dutsen Haldde kusa da Alta, inda zaftarewar ƙanƙara ta kashe ɗaya daga cikin mataimakansa. A 1902 zuwa 1903 ya kafa tashoshi huɗu: a Norwe, da Aislan, da tsibirin Spitsbergen, da Novaya Zemlya ta Rasha. A ɗakin gwajinsa kuma ya ƙera wata ƙwallon ƙarfe mai maganaɗisu, ya sa ta a akwatin gilashin da aka zuƙe wa iska, ya harba mata ƙwayoyin lantarki, sai ga zoben haske a ƙuryoyinta biyu.

Abin da ya fitar shi ne: rana na feso ƙwayoyin lantarki, maganaɗisun duniya na jan su zuwa ƙuryoyi, kuma akwai wuta mai ƙarfin da kan kai amfiya miliyan ɗaya da ke saukowa ta layukan maganaɗisu, ta gudana a kwance a can sama, ta sake haurawa. Manyan masanan Birtaniya, musamman Sydney Chapman daga baya, ba su karɓi wannan magana ba. Birkeland ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana nazarin wani hasken sama na daban a Masar da Sudan, ya rasu a Tokyo a 1917. Sai a shekarun 1960 taurarin ɗan'adam suka auna wutar da ya faɗa, kusan shekara 50 bayan mutuwarsa. Yau da sunansa ake kiranta.

Na biyun shi ne Carl Størmer, masanin lissafi. Daga 1910 ya riƙa ajiye masu kyamara a wurare biyu masu tazara, a haɗa su da wayar tarho, a ɗauki hoton hasken a lokaci guda. Bambancin inda hasken ya faɗa a tsakanin taurari a hotunan biyu shi ke ba da tsayinsa. Bayan dubban awo ya nuna cewa gindin labulen yawanci yana wajen kilomita 100 ne, kansa kuwa yana kaiwa ɗaruruwa. Mu riƙe wannan dabara ta Størmer, za mu sake haɗuwa da ita.

Launin ma an warware shi. Anders Ångström ya auna koren a 1868, amma sai a 1925 John McLennan da Gordon Shrum suka nuna a Toronto cewa ƙwayar oksijin ce ke fitar da shi. Ke nan hasken ba baƙo ba ne, iskar duniya ce da kanta ke haskawa idan ƙwayoyin lantarki suka buge ta.

REDIYO YA GANO RUFI, RUFIN KUMA YANA KAƊAWA

Ana cikin haka wata hanyar ta buɗe. A Disambar 1901 Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar kama siginar rediyo a Newfoundland daga Cornwall ta Ingila, ta ƙetare tekun Atlantika duk da lanƙwasar duniya. A 1902 Arthur Kennelly da Oliver Heaviside, kowa a nasa gefen, suka ce lallai akwai wani rufi mai lantarki a sama da ke maido da siginar ƙasa. A Disambar 1924 Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth, suna saurare daga Oxford, suka nuna rufin yana nan a kimanin kilomita 100. Shi ne ayonosfiya, kuma a cikin tamosfiya yawancinsa yake zaune. Appleton ya samu kyautar Nobel a 1947. Duk wanda ya taso yana ganin mahaifinsa na murɗa rediyo yana neman mita 16 ko 19 a gajeren zango, to da wannan rufin aka yi masa hidima.

A ƙarshen shekarun 1940 wani mai bincike a Sydney ta Ostireliya, George Munro, yana harba siginar rediyo sama daga tashoshi masu tazara da juna, sai ya lura rufin ba a shimfiɗe yake lif ba. Wani lanƙwasa kan bayyana a kan tasha ɗaya, bayan 'yan mintoci ya bayyana a kan ta gaba, kamar tabarmar da aka kaɗa daga gefe guda. Ya wallafa cikakken bayani a 1950. Masu bin sawun duwatsun sama da ke ƙonewa, waɗanda muke gani kamar tauraro ya faɗo, su ma sun ga cewa layin da suke bari a tsayin kilomita 80 zuwa 100 yana karkacewa nan da nan kamar tafiyar maciji. An ga alamun, amma shekara goma ana ta kai-kawo a kan sanadinsu.

1960: COLIN HINES DA IGIYOYIN NAUYI

Wanda ya ɗinke zancen wani ɗan Kanada ne mai suna Colin Hines, a wata maƙala da ya wallafa a 1960. Ya ce duk abin nan igiyoyi ne, 'yan uwan igiyar ruwa, amma a cikin iska.

Ga yadda abin yake. In aka tura dunƙulen iska sama a wurin da iskar ke jere hawa-hawa, zai tsinci kansa ya fi maƙwabtansa nauyi, sai ya faɗo. Da ƙarfin faɗowar zai wuce mazauninsa, ya tarar ya fi na can sauƙi, sai ya sake hawa. Haka zai yi ta lilo, yana tura na kusa da shi, motsin ya bazu. Tun a 1925 Vilho Väisälä na Finlan, da David Brunt na Birtaniya a 1927, suka lissafa saurin wannan lilo: mintoci kaɗan ne, wajen biyar zuwa goma a ƙananan sassan iska. Da yake nauyi ne ke maido da dunƙulen, shi ya sa ake ce musu igiyoyin nauyi. Kada mu rikita su da igiyoyin sararin samaniya da Einstein ya yi hasashe aka kuma gano a 2015, waɗancan wani babi ne daban.

Abin da Hines ya jaddada shi ne yadda igiyar ke girma in tana hawa. Mu dubi bulala: ɗan motsi kaɗan hannu ke yi a gindi mai kauri, amma kafin ya kai siririn bakin ya zama tsawa. Haka igiyar da tsauni ko hadari ya tayar a ƙasa, ba a ko jin ta, in ta kai inda iska ta sirance sai ta zama babbar kaɗawa. Ita ce ke murɗe layin duwatsun sama, ita ce kuma ke kaɗa rufin da Munro ya gani.

Amma akwai wasu manyan igiyoyi da ba daga ƙasa suke zuwa ba. Tsawonsu ya wuce kilomita 1,000, gudunsu kan kai mita 400 zuwa 1,000 a sakan ɗaya, kuma kusan kullum daga ƙuryar duniya suke fitowa su nufi tsakiyarta, bayan an yi guguwar maganaɗisu. Ruwa ba ya tsami banza.

MURHU A ƘARƘASHIN LABULE

Shaida ta farko ta fito ne daga taurarin ɗan'adam. Bayan Rasha ta harba Sputnik a Oktoban 1957, masana suka riƙa bin yadda taurarin ke saukowa a hankali saboda gogayya da iska. A 1959 Luigi Jacchia, ɗan asalin Italiya da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa saukowar na ƙara sauri a ranakun guguwar maganaɗisu. Ma'ana iska ta ƙara kauri a inda suke. A 1962 Keith Cole na Ostireliya ya kawo dalili: wutar nan ta Birkeland, in tana ratsa iskar sama, tana ɗumama ta kamar yadda wuta ke ɗumama dutsen guga. A 1970 George Chimonas da Hines suka lissafa cewa in wannan wuta ta ƙaru farat ɗaya, za ta tunkuɗa iskar ta tayar da igiyoyin nauyi da za su yi tafiyar dubban kilomita.

Ashe dai tukunyar tana da wani murhu a tsakiyarta, wajen kilomita 110 zuwa 150, wanda ke kunnuwa ya mutu cikin mintoci. Saura a auna a gani: da wane irin gudu iskar ke hawa?

SIFILIN MA'AUNI

A nan ne labarin ya fi ba mu sha'awa. Ba a iya kafa tuta a tsayin kilomita 240 a ga inda iska ta kaɗa ta. Abin da ake yi shi ne a kalli jan hasken da oksijin ke fitarwa a can, mai tsawon zango nanomita 630. In iskar na matsowa wajen mai kallo, zangon na ɗan gajarcewa. In tana nisa da shi, yana ɗan tsawaita. Haka jiniyar motar asibiti ke sauya amo in ta wuce mu. Christian Doppler ne ya bayyana wannan a 1842. Sauyin ƙanƙane ne ƙwarai: iskar da ke gudun mita 100 a sakan tana sauya zangon ne da kashi ɗaya cikin miliyan uku. Na'urar da ke iya ganinsa ita ce wadda Charles Fabry da Alfred Perot suka ƙera a Faransa a ƙarshen shekarun 1890, faranti biyu na gilashi da ke fuskantar juna.

Kowane ma'auni yana buƙatar sifili. Mai sayar da nama kan duba allurar sikelinsa tana kan sifili kafin ya ɗora tsoka. Matsalar ita ce wannan jan haske yana da wuyar samarwa a fitilar ɗakin gwaji, saboda ƙwayar oksijin kan ɗauki kusan minti biyu kafin ta saki hasken, a iska mai kauri kuwa wata ƙwayar za ta buge ta kafin nan. To ina za a samu iskar da ba ta motsi a gwada da ita? Masu awo suka ce abu mai sauƙi: a kalli sama tsaye. Tunda kowa ya san iskar can ba ta hawa ba ta sauka, abin da na'ura ta nuna a tsaye shi ne sifili. Wasu kuma su ɗauki matsakaicin awon tsaye na dare guda su ce shi ne sifili. Ta haka abin da ya kamata a bincika ya zama shi ne abin gwaji.

Taurarin ɗan'adam ne suka fara tona asiri. Atmosphere Explorer-C na hukumar NASA, wanda aka harba a Disambar 1973, ya ɗauki na'urar da ke auna iskar da yake ratsawa kai tsaye, tawagar Nelson Spencer ta ga alamun hawa da sauka mai ƙarfi a yankin orora. Dynamics Explorer 2, da aka harba ranar 3 ga Agustan 1981, ya auna iskar tsaye da ta wuce mita 100 a sakan a saman ƙuryoyin duniya. Wato kilomita 360 a awa, a miƙe zuwa sama.

Daga ƙasa ma aka sake duba lissafi. A 1984 David Rees na Kwalejin Jami'a ta Landan da abokan aikinsa suka wallafa awon da suka yi a Kiruna ta arewacin Suwidin, inda suka riƙa kallon sama tsaye a jere suna bin sauyinsa minti bayan minti. Suka ga iskar na zaburowa sama idan orora ta ɓarke, tana kuma lilo kamar yadda lissafin igiyoyin nauyi ya nuna. Ɗaya daga cikinsu, Roger Smith, a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ulster a Ailan ta Arewa, kafin ya koma Alaska. Mu da muka fito daga foli muna da ɗan abin tinƙaho a nan. Daga baya aka samu irin wannan sakamako a tashar Mawson ta Antatika da kuma Poker Flat ta Alaska.

A 2004 Hermann Lühr da abokansa suka ƙara wani abin mamaki daga tauraron Jamus mai suna CHAMP, wanda aka harba a 2000. Duk lokacin da ya ratsa wani mazurarin maganaɗisu da ke ɓangaren rana kusa da ƙuryar duniya, a tsayin kimanin kilomita 400, sai ya ji birki: kaurin iskar wurin kan kusa ninka na kewayensa. Kamar rami ne a kan titi, kullum yana nan.

Adalci ne mu faɗi cewa shakku ya yi aiki ta fuska biyu. A 2017 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka nuna cewa wasu manyan iskokin tsaye da aka ce an gani daga ƙasa, a wuraren da ke nesa da orora, ba na gaske ba ne. Hasken orora ne daga gefe ya warwatsu a ƙananan sassan iska ya shigo na'urar ta sama ya ruɗe ta. Yadda aka tuhumi tsohon sifili, haka aka tuhumi sabon adadi.

A ZUBA HAYAƘI A GANI DA IDO

Gani ya kori ji. Wannan ne ya sa aka koma ga rokoki masu fesa hayaƙi mai haske a can sama, a bi tafiyarsa da kyamara. Ranar 5 ga Afrilun 2019 aka harba rokoki biyu na shirin AZURE daga Andøya ta Norwe, suka fesa sinadarai da suka bar ɗigo-ɗigon gajimare masu launi a sararin dare, mutanen yankin suka yi ta al'ajabi. Manufar ita ce auna iskar tsaye a cikin orora. A watan Maris na 2025 kuma aka harba wasu uku daga Poker Flat, filin harba roka na Jami'ar Alaska da ke Fairbanks, a shirin AWESOME ƙarƙashin Mark Conde. Masu kyamara suka bazu a wurare daban-daban na Alaska suna ɗaukar hoton hayaƙin a lokaci guda. Dabarar Størmer ce ta 1910, kayan aikin kawai suka sauya.

Tambayar da suke bi ita ce wadda ta rage tun zamanin Hines. In orora ta zuba zafinta, iskar juyawa take yi kamar tafasar tukunya a daidai wurin, ko kuwa igiyoyi ne ke kwashe ƙarfin su raba shi a faɗin ƙasa mai nisa? Conde na ganin igiyoyin ne suka fi tasiri. Bambancin ba na cacar baki ba ne. Iskar da ta hau tana ɗauke da naitirojin mai nauyi daga ƙasa zuwa inda oksijin mai sauƙi ya saba zama. Hakan na ƙara kaurin da ke ja wa taurarin ɗan'adam birki, yana kuma cinye ƙwayoyin lantarkin rufin rediyo. In tafasa ce, ɓarnar na nan kusa da orora. In igiyoyi ne, ta fi faɗi kuma ta fi saurin isa nesa. Mai hasashen inda tauraro zai kasance gobe, don kada ya yi karo da wani, dole ya san wanne ne.

INA RUWANMU?

Ba ma ganin orora a Kano ko Damagaram, amma saƙonta na iso mu. Daga Tromsø ta arewacin Norwe zuwa daidai layin Kano akwai tazarar da ta kai kilomita 6,400. Igiyar da ke gudun mita 600 a sakan za ta cinye wannan cikin kimanin awa uku, kuma CHAMP ya ga manyan cikinsu suna kaiwa tsakiyar duniya har su ƙetare. A 1980 Michel Blanc da Arthur Richmond suka nuna cewa iskar da zafin orora ke korowa tana sauya tsarin lantarkin ayonosfiya a ƙasashe masu zafi. Mu kuwa layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta kan Najeriya ya ratsa, kuma tun shekarun 1950 Cyril Onwumechili ke auna wutar da ke gudana a samansa daga Ibadan. Ta cikin wannan rufin siginar GPS ke saukowa zuwa wayoyinmu, shi ne kuma ke ɗauko mana gajeren zango. Starlink ɗin da muka buɗe da shi ma, a Najeriya ya fara aiki a duk Afirka, a farkon 2023.

Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, masanan da suka ɗauki iskar tsaye a matsayin sifili ba sakarkaru ba ne. Suna da hujja, kuma hujjar na aiki a yawancin darare. Kuskuren ya daɗe ne saboda an gina ma'aunin a kansa, ma'auni kuwa ba ya tuhumar sifilinsa, sai an zo da wani ma'aunin daga waje. Mu marubuta ma muna da irin waɗannan sifilai: shekarar da kowa ke kwafa daga littafi zuwa littafi, labarin da aka ce kowa ya sani. Yana da kyau lokaci-lokaci mu sauke kayan daga sikeli mu duba inda allurar ta tsaya.

Nan za mu dakata. Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwa da suka karanci fiziks ko aikin sadarwa, ƙofa a buɗe take a ƙasan wannan rubutu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.